Me Takardar Gwajin Hanta Take Cewa?



'Yan uwa maza da mata na nan Ibadan, na Sabo da Shasha da Ojo da Bodija da Akinyele, da waɗanda suka koma gida amma ba su daina leƙa wannan shafi ba, muna yi muku fatan alheri.

Duk wanda ya riƙe sakatarancin ƙungiya a kudu ya san rabin aikin karanta wa mutane takardu ne. Takardar haya, takardar makarantar yara, sammacin kotu, duk hannunmu suke biyowa. Amma a 'yan shekarun nan babu wadda ta kai takardar gwajin jini yawa, a cikinsu kuma wadda ta fi tayar wa mutane da hankali ita ce ta gwajin hanta, mai haruffan LFT a samanta. Wani zai zo jikinsa duk ya yi sanyi, ya ce an gaya masa hantarsa "ta hau", har ya fara lissafin wa zai bar wa shago. Wani kuma zai zo da fara'a ya ce an ce masa komai daidai, alhali takarda ta biyu da ke naɗe a aljihunsa tana cewa yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Sau da yawa na farkon ba wani abin tsoro gare shi ba, na biyun ne ya kamata ya zauna da likita.

Mu ba likitoci ba ne, kuma ba mu taɓa rubuta wa kowa magani ba. Abin da muka sani mun tsince shi ne wajen raka marasa lafiyarmu asibiti da yi musu tafinta. Idan ka shekara da shekaru kana tsayawa tsakanin likita da majiyyaci, dole ka yi ta tambaya har ka gane, domin ba ka iya mayar wa mutum da maganar da kai kanka ba ka fahimta ba.

Abin da ya sa muka zauna muka rubuta wannan shi ne littafin asusun taimako na ƙungiya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun zagaya da faranti don haɗa kuɗin ɗan uwa da cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, daga baya muka sake zagayawa don hayar motar da za ta kai shi gida. Yawancinsu ba tsofaffi ba ne, magidanta ne masu ƙarfi a jika, masu ƙananan yara. Maganar likita kuma kusan kullum ɗaya ce: an zo a makare. Rai da ajali na Allah ne, wannan babu ja. Amma makara tamu ce, kuma ana iya rage ta.

Aikin hanta

Mahautanmu sun fi kowa sanin siffarta. A jikin mutum tana sama ta ɓangaren dama, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a babban mutum kusan kilo ɗaya da rabi. Kusan duk abin da hanji ya tsotsa, abinci ne, magani ne ko guba, sai ya bi ta hanta kafin ya zagaya jiki. Ita ce take haɗa ruwan ɗacin nan da ke taruwa a matsarmama don narkar da maiƙo. Ita take ajiye sukari ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa mai azumi yake kaiwa magariba a tsaye. Ita take ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an yanke, da wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi kada ya tsiyaye cikin ciki da ƙafafu.

Hanta tana da haƙuri, kuma tana iya gyara kanta idan aka kawar da abin da ke cutar da ita. Wannan haƙurin shi ne kuma matsalarta. Haƙori in ya lalace ba ya barin mutum ya yi barci, amma hanta sai ta shekara ashirin tana lalacewa mai ita yana kasuwa bai ji komai ba. Saboda haka ne ake dogara da gwajin jini.

Lambobin da ke kan takarda

Abin da likitoci suke kira enzayim wasu sinadarai ne da suke zaune a cikin ƙwayoyin halittar hanta suna aiki. Wurinsu ke nan, a cikin jini kaɗan ne kawai ya kamata a gani. Ku ɗauki misalin motar masara da ta taso daga Dawanau ta sauke a Bodija. Bayan an gama sauke kaya, dole a ga 'yan ƙwayoyi a ƙasan mota, wannan ba komai ba ne. Amma in aka ga mudu biyar a zube, kowa ya san akwai buhun da ya huje. Gwajin enzayim auna masarar da ta zube ne. Ba ya gaya maka ƙusa ce ta huda buhun ko ɓera, ba ya kuma gaya maka buhu nawa ne suka rage da lafiyarsu. Sannan a riƙe wannan da kyau: buhun da ya riga ya zube ƙarƙaf ba ya ƙara zuba. Mutumin da hantarsa ta motse ta yi tauri yana iya samun lambobin enzayim kusan daidai.

Na farko a takarda yawanci shi ne ALT, wasu ɗakunan gwaji suna rubuta tsohon sunansa SGPT. Mafi yawansa a hanta yake, don haka idan ya hau, hanta ake fara tuhuma. Galibin ɗakunan gwaji suna sa iyakarsa kusa da 40, amma kowanne yana buga tasa iyakar a gefen sakamakon, ita za a duba.

Na biyu AST, ko SGOT. Shi ma iyakarsa kusa da 40 ce, amma shi ba a hanta kaɗai yake ba, akwai shi a tsokar jiki da zuciya da jajayen ƙwayoyin jini. Akwai wani matashi ɗan dako da muka raka, an ga nasa ya hau, hankalinsa ya tashi. Tambayar farko da likita ya yi masa ita ce wane aiki yake yi. Da ya ji ya kwana biyu yana sauke buhunan albasa kafin a ɗebi jinin, sai ya ce ya je ya huta, ya dawo a sake. Da aka sake, lamba ta sauka. Tsoka ce ta wahala. Idan kuma AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, likita yakan tambayi batun barasa. Kada wanda aka yi wa wannan tambaya ya ji an ci masa fuska, za mu zo kan dalili a ƙasa.

Na uku ALP. Shi yana hawa ne idan hanyar da ruwan ɗaci yake bi ta toshe, misali da tsakuwar matsarmama. Amma ƙashi da mabiyiya ma suna fitar da shi, don haka yaron da ke kan girma, da wanda karayarsa ke ɗinkewa, da mai ciki a watannin ƙarshe, duk nasu yakan fi na sauran mutane ba tare da wata cuta ba. Don a rarrabe ne ake haɗa shi da na huɗu, GGT. In duka biyun suka hau tare, daga hanta ko hanyar ɗaci ne. In ALP kaɗai ya hau, sai a waiwayi ƙashi. GGT yana kuma hawa da barasa da wasu magunguna irin na farfaɗiya.

Sai bilirubin, wanda shi ba enzayim ba ne. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kamar kwana 120, in sun mutu sai a samu wannan sinadari mai launin ɗorawa, hanta ta kwashe shi ta fitar. In ya taru a jiki, shi ne ido yake yin ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, mu ce shawara. Abin lura shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon sikila suna farfasa ƙwayoyin jini da yawa, su sa ido ya yi ɗorawa ko da hanta ba ta da laifi. Ke nan shawara alama ce da cututtuka da dama suke tarayya a kanta, kuma maganin kowacce daban.

Na ƙarshe su ne waɗanda mutane ba sa kula da su, alhali su ne masu ƙirga buhunan da suka rage. Albumin, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 35 da 50 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, da gwajin saurin daskarewar jini da ake rubuta PT ko INR. Idan albumin ya yi ƙasa kuma jini yana jinkirin daskarewa, hanta ta fara gaza aikinta. Mun ga likita ya wuce lambar ALT mai ɗan tsayi ko a jikinsa, ya tsaya a kan albumin fuskarsa ta canza.

Game da girman lamba kuwa, abin da muka fahimta shi ne: in ALT ko AST ya ɗan haura iyaka, bai kai ninki biyu ko uku ba, yawanci akan nemi dalili a sake gwaji bayan 'yan makonni, domin zazzaɓi ko wani magani da aka sha yana iya jawo haka ya wuce. In ya ƙi sauka har wata shida, akwai abin da ke cin hantar a hankali, dole a gano shi. In kuwa ya kai 1,000 ko fiye, wannan maganar asibiti ce a ranar, ko da mutum yana jin zai iya fita kasuwa.

Ciwon hanta nau'in B

A nan za mu daɗe, domin shi ne ya fi cinye mana mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C. A Najeriya, babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in B, maza sun fi mata, nau'in C kuma kashi 1.1. Wato kusan duk mutum 12, ɗaya yana da B. Ku ƙirga sahun da kuke tsayawa a masallaci, ko mutanen da kuke haɗa kwano da su. Mafi yawan masu shi ba su san suna da shi ba.

Gwajin LFT ba ya nuna wannan ƙwayar cuta. Gwajinta daban ne, sunansa HBsAg, ɗigon jini kaɗan yake buƙata kuma ba ya ɗaukar lokaci. Mutum yana iya samun ALT daidai yau, ƙwayar tana nan kwance, bayan shekara ta motsa. Hasali ma, ga mai nau'in B, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta sa iyakar ALT a 30 ga namiji, 19 ga mace. Ke nan mai B da ya ga 38 a takardarsa, ɗakin gwaji bai ja masa layi ba, bai kamata ya naɗe takarda ya ce an gama ba.

Mutanenmu da yawa suna ɓoye wannan ciwo don suna zaton tabon zina ne. Gaskiya ne ana ɗaukarsa ta saduwa, amma a ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da shi tun suna jarirai ko ƙananan yara suka samu, daga uwa lokacin haihuwa ko ta hanyar jini a gida. Dalili kuwa, jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 ciwon yana zama a jikinsu har girma, alhali babban mutum in ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame musu na dindindin, sauran jikinsu yana korar shi. Don haka dattijon da aka samu da shi, mai yiwuwa tun ranar da aka yi masa askin suna yake tare da shi.

Ƙwayar tana iya yin kwana 7 a raye a kan ƙarfen da jini ya taɓa, ko da ido bai ga jinin ba. A nan ne maganar aska da reza da ƙaho da almakashin yankan farce ta shigo, haka kaciya da cire beli da allurar da aka maimaita. Wanzamai da masu yankan farce 'yan ƙungiyarmu ne, da sana'ar suke ciyar da iyali, ba mu zo kashe wa kowa kasuwa ba. Roƙonmu shi ne sabuwar reza ga kowane mutum, a ɓare ta a gabansa. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe komai. Mai zuwa aski ma ya sayi nasa kayan ya riƙe.

Ga kuma abin da ba ya yaɗa shi: cin abinci a kwano ɗaya, musabaha, buta, gumi, tari, cizon sauro. Mun san gidan da aka ware wa magidanci kwanonsa da kofinsa, yaransa suka daina zama kusa da shi. Wannan wulaƙanci ne da bai kare kowa daga komai ba. Abin da zai kare iyalinsa shi ne a gwada su duka, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi.

Rigakafin babba allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yara a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan, in bai je da ƙafarsa ya karɓa ba, ya ɗauka ba a yi masa ba. Ta jarirai kuwa, iyaye mata da ungozoma, ku ji wannan: allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi ta. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, sai a ce a bari a yi suna, ko mai jego ta yi arba'in. Kafin nan an riga an makara. In an haihu da dare, da safe uba ko kaka su ɗauki jariri zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Mai ciki kuma ta nemi a yi mata gwajin a wurin awo, domin in ƙwayar ta yi yawa a jininta akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe don kare ɗan.

Wanda aka samu da shi, ba a yanke masa hukuncin kisa ba. Likita zai sa a auna yawan ƙwayar a jini, a yi hoton ciki, a duba ALT. Ba kowa ake ɗorawa a kan magani ba, amma kowa yana buƙatar a riƙa duba shi duk wata shida ko shekara, har ƙarshen rayuwa, don a tari motsewar hanta ko ciwon daji tun da wuri. Wanda aka ɗora, yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, irin su tenofovir. Tana danne ƙwayar cutar ne, ba kasafai take fitar da ita gaba ɗaya ba, kuma dainawa kwatsam don an ji sauƙi ko kuɗi sun yanke yana iya sa ciwon ya taso da ƙarfin da ya fi na da. Wanda ya ga maganinsa zai yanke ya yi wa kwamitin walwala magana tun da saura. Nau'in C kuwa ba shi da rigakafi, amma yana warkewa sarai da ƙwayoyin da ake sha na mako 12.

Sai batun aure. Tun da jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, muna ƙara jin labarin auren da aka fasa saboda wannan sakamako. Hukunci na iyaye ne da masu auren, ba namu ba. Amma a yanke shi da sani. Likitoci suna cewa in aka gwada ɗayan aka ga ba shi da shi, aka yi masa rigakafi ya kammala, aka tabbatar ta kama, za su iya zaman aurensu, 'ya'yansu kuma a kare su da allurar ranar haihuwa. Abin da ba shi da kyau shi ne ɓoyewa, ko sayen takardar bogi.

Abin da muke zuba wa hanta da hannunmu

Farasitamol magani ne mai kyau in an bi ƙa'ida. Babban mutum mai lafiya kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a cikin awa 24, biyu-biyu, da tazarar aƙalla awa huɗu. Matsalar ita ce yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki. Ɗan acaɓa ko ɗan dako zai dawo jiki ya yi tsami, ya karɓi haɗi a kemis, ya ƙara da na mura, ya ƙara da Panadol, bai san abu ɗaya ya sha sau uku ba. Magungunan tarin fuka ma suna iya taɓa hanta. Mai shan su in ya ga idonsa ya canza ko amai ya dame shi, ya koma inda aka ba shi a ranar.

Maganin gargajiya da shi muka tashi, ba za mu ce duk banza ne ba. Amma jiƙon da ake zuba wa mutum daga jarka a tasha, ko agbo na maƙwabtanmu, ko na basir da na ƙarin ƙarfi da ake tallarsu da lasifika, babu mai iya gaya maka me ke ciki ko nawa ne ya isa. Wasu saiwoyin a cikin ogogoro ake jiƙa su. Ƙananan ledojin nan masu ɗaci da matasanmu suke tsotsa da sunan maganin ciwon baya, ku juya bayansu ku karanta, da yawansu an rubuta adadin barasar da ke ciki. Ta haka ne mutumin da bai taɓa shiga mashaya ba yake zuwa da sakamako irin na mashayi.

Mafi haɗari shi ne lokacin da shawara ta bayyana. Hanta ta riga ta ji rauni, sai kowa ya kawo nasa jiƙon, wannan na safe, wancan na dare, a kuma hana majiyyaci nama da ƙwai da wake har ya rame. Haka masu yawo da kwalaben "wankin hanta" masu tsada suna cewa suna fitar da nau'in B cikin wata uku. Da akwai irin wannan magani, da asibitocin duniya sun riga su saye. Duk abin da mutum ya sha, ya gaya wa likita, in da hali ya tafi da kwalbar. Likita ba alƙali ba ne.

Kitse da hatsi

Akwai masu zuwa da ALT ya ɗan hau, an gwada B da C babu, ba sa shan komai, sai hoton ciki ya nuna kitse ya lulluɓe hanta. Wannan ya fi samun masu zama wuri ɗaya, 'yan canji da masu shaguna da direbobi, musamman mai tumbi ko ciwon sukari. Mun saba ɗaukar tumbi alamar hutu, muna kuma karrama baƙo da lemon kwalba, mu sha shayi mai kauri safe da dare. Hanta tana mayar da rarar sukari kitse ta ajiye, a wasu mutanen kuma kitsen yana kaiwa ga motsewa. Maganinsa ba a kemis yake ba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana gyara shi sosai, wato mai kilo 90 ya sauke kamar 6 zuwa 9 a hankali. A rage zaƙi, a ƙara ganye, a yi tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako.

'Yan kasuwar hatsi kuma, akwai amana a wuyanku. Gyaɗa da masara in suka ji danshi suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda take jawo dajin hanta, haɗarinta kuma yana ninkuwa ga mai nau'in B. Dafuwa ko suya ba ta kashe ta. Kayan da ya bushe sarai a arewa yana iya jan danshi a rumbunan nan na kudu da damina. A ɗora buhu a kan katako, a janye shi daga bango, a bar iska ta shiga. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a karya farashinta a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da yajin tsire, domin mu da 'ya'yanmu ne za mu ci. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan hanyar Oyo ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba. Masu noma a gida su tambayi malaman gona.

In sakamako ya zo hannunka

Kada ka karanta lamba ɗaya ka yanke wa kanka hukunci, kada kuma ka bar mai ɗakin gwaji ko mai kemis ya rubuta maka magani a kanta. Ka koma wurin likitan da ya tura ka. Ka gaya masa aikinka da duk abin da ka sha a makonnin baya. Ka tambaye shi ko an gwada B da C, me yake zaton ya jawo, kuma yaushe za a sake. Ka adana tsofaffin takardunka a leda ɗaya, domin likita ya fi amfana da ganin yadda lamba take tafiya cikin shekara fiye da ta rana ɗaya.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: ido ya yi ɗorawa, ciki ko ƙafa su kumbura, aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, rama babu dalili, ƙullutu ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko mutum ya fara ruɗewa yana yawan barci da rana. Jariri ma in ya yi ɗorawa a kwanakin farko, asibiti za a kai shi, shanya shi a hantsi ba ta isa ba. Mun san in ciwo ya yi tsanani zuciya gida take nufa. Amma ɗora mai aman jini a mota zuwa Sakkwato ko Kano kafin likita ya gan shi ganganci ne, alhali ga asibitin koyarwa na UCH a kusa da mu, da ƙwararrun likitocin hanta. A fara tsayar da ciwon, in ya so a yi maganar tafiya daga baya.

Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, kuma a lokacin wasu asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi gwaji kyauta ko da rangwame. In mun ji za mu sanar a nan. Amma kada a jira ta. Muna roƙon kowane magidanci ya gwada kansa da iyalinsa, shugabannin sassa su isar da wannan ga waɗanda ba sa karatu, mata kuma su yaɗa maganar allurar ranar haihuwa a gidajen suna da biki. Mai jin nauyin zuwa asibiti shi kaɗai saboda harshe ya yi mana magana, za a samu mai raka shi, kuma sirrinsa ba zai fita ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya abin da suka bari.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.